Kwalba ta Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Kafin annobar mu uku ne a ɗakin gwajin Gadarif:
ni, da Muzammil, da tsohon firji mai gurnani.
Kwalba arba'in a yini, ta yi yawa hamsin.
La'asar na yi Batul ta miƙo shayi ta taga,
mu zauna gardamar kuɗin riɗi
kamar ɗayanmu na da gona.

Yanzu kwalabe a kwali suke zuwa,
a leda, a aljihun direba,
daga Doka, daga Fau, daga ƙauyukan bakin iyaka,
kowace da tsinkenta na auduga
an karya masa wuya don murfi ya rufu.

Na daina ganin mutane.
Lamba nake gani, da rubutun da gumi ya cinye rabinsa.
Yatsuna cikin safa sun yi yaushi kamar na mai wankau.
Takunkumi ya yi mini tsaga a kumatu,
irin wadda kakata ta taho da ita a ƙafa daga yamma
ta kuma hana a yi wa jikokinta.

Sauro dai bai ji sanarwar kulle ba.
Masu sukari ba su warke don an rufe kasuwa ba,
masu ciki ba su fasa ba.
Gilasan jininsu na can gefe, sun bushe, suna jira.
Akwai wata mai jan mayafi, kwana uku tana zuwa taga,
ɗanta a kafaɗa, jikinsa kamar garwashi.
Na ce mata gobe.
Duk sinadaran ɗakin nan suna ƙarewa,
gobe ce kawai ba ta yanke mana ba.

Daren Talata wuta ta ɗauke.
Janareto ya yi tari uku ya haƙura.
Muzammil ya fita da silifas
ya tashi mai sayar da lemo daga barci,
ya dawo rungume da ƙanƙara kamar jariri,
ruwa na bin gwiwar hannunsa.
Muka kwashe abin da ke firji da fitilar waya.
Ya yi tari shi ma. Ya ce sanyin ƙanƙara ne.
Na yarda, don yarda ta fi sauƙi
kuma da sauran kwali biyu.

Alhamis bai zo ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallacin da ba kowa,
na kai hannu layi na ƙarshe.
Ɗari biyu da sha bakwai.
Babu mai rubuta bakwai haka, da ƙugiya a ƙasa,
sai mutum ɗaya.
Shi ya ɗebi kansa, shi ya liƙa takardar,
ya sa ta can baya,
bayan wani manomi, bayan wata tsohuwa daga Doka.
Shekara tara muna ɗaki ɗaya
bai taɓa tsallake layi ba, ko na burodi.

Na ɗauke ta. Ba nauyi.
Babu mai gani in na maido ta gaba,
firji ba ya kai ƙara.
Na daɗe tsaye da ita a tafin hannu
har ta ɗauki ɗumina.
Sai na mayar da ita inda ya ajiye.

Na'ura ta ɗauki casa'in da huɗun farko tana ƙugi.
Nasa sai zagaye na uku, wajen asuba.
Kafin nan na jawo kujerarsa, wadda ƙafarta ke rawa,
na share madubin da ya yi ƙura,
na nemo gilashin yaron mai jan mayafi.
Ga su nan cikin jinin, ƙananan zobba,
sun cika fili kamar riɗin da aka zubar.

Na rubuta. Na buɗe taga.
Tana nan a gindin bango, ba ta tafi ba.