Babi Na Uku

Malam Sada ya ba ni mako biyu.
Ya ce, "Murja, babi na uku shi ne ƙashin bayan kundinki.
Ki nuna mana yadda na'ura ta cinye basira
a labarin nan na lalacewar zamani."
Na ce to.
Na hau napep zuwa Ƙofar Ƙaura, littafin a cinyata.

A labarin akwai wani birni
inda ake bin layi tun asuba a karɓi magana.
Mai zuwa biko a buga masa kalmomin biko,
mai zuwa ta'aziyya a miƙo masa tasa
da ɗuminta, kamar ƙosai a takarda.
Uwa ba ta rarrashin ɗa sai ta latsa maɓalli.
Wani tsoho ya yi zaurance a kasuwa,
aka ɗaure shi, wai ya ɓata harshe.
Na ja layi da jan biro,
na rubuta a gefe: jigo.

Na sauka a shagon Alhaji Iro na kai wa Baba abinci.

Shekara talatin Baba Rabe na riƙe da allura.
Aska takwas ɗaya kan ci masa wata uku,
da goro, da rediyo, da ciwon baya.
Yanzu ga inji mai kai shida yana rawar sanyi a kan shadda,
riga goma sha biyu kafin la'asar,
kowacce ta ɗebo kamannin 'yar'uwarta har da numfashi.
Aikin Baba shi ne canja zare in ya ƙare,
da bin gefe da almakashi yana tsince gashin da ya yi saura.
Ana biyansa a kan kari, ba zan ɓoye ba.
Da kuɗin injin nan na yi rajistar bana.

Ya taɓa nuna mini tun ina ƙarama:
can ƙarƙashin aljihu, inda ido ba ya kaiwa,
yakan karkata ɗinki ɗaya da gangan.
"Ko a Maraɗi na ga rigata, ɗiyata, zan gane ta.
Wannan ne sa hannuna."
Na tambaye shi yau ko injin ya iya.
Ya yi dariya har tuwo ya sarƙe shi.
"Ai shi ba ya kuskure, Murja. Abin tausayi."

Da dare takarda ta ƙi ni.
Sau huɗu ina rubuta "A wannan babi"
ina sokewa.
Ƙarfe ɗaya saura, na ɗauki waya na tambaye ta.
Kafin sauro ya gama kewaya kunnena
ta zubo shafi tara, sumul,
da gabatarwa, da kammalawa,
har da takaicin yadda ɗan Adam ya daina ƙirƙira.
Ta fi ni iya baƙin cikin.

Na karanta sau biyu.
Na ɗaga aljihun kowace jimla ina dubawa,
ban ga inda aka karkata ba.

Sai aka ɗauke wuta.
Unguwa ta yi tsit, ban da janaretan mai kemis.
Daga zaure na ji motsi, na leƙa:
Baba ne da tocila a baki,
da wani tsohon ƙyalle a gwiwa,
yana neman kafar allura, zaren na zamewa.
Sau bakwai na ƙirga masa.
Bai kira ni ba, ni ma ban ce komai ba,
na karɓa, na lashi zaren, na zura, na mayar masa.

Shafi taran na nan a waya, ban goge ba tukuna.
Saura kwana goma sha uku.
Na jawo takarda kusa da hasken tocilarsa,
na rubuta: "Babana yana da wani kuskure."
Ban san ko Malam Sada zai karɓa ba.