Gezar Mabli

A tudun Tregaron, can ƙasar Wales, ruwa ba ya sallama.
Daga Nuwamba yake zama a ƙofa kamar mai bin bashi.
Ni Eluned, shekara saba'in da huɗu,
goɗiya ɗaya ta rage mini, Mabli, baƙa wuluk,
mai geza har kafaɗa,
wadda iska ke tsayawa ta yi wasa da ita kafin ta wuce.

Bara na saya mata bargo mai haɗe da wuya,
daga gindin wutsiya har bayan kunne.
Maɗauri uku, na ja kowanne har ramin ƙarshe,
na koma ɗaki na yi barci da minshari,
na ce sanyi ya nemi wani.

Ranar da na kware bargon, a watan Maris,
sai da na dafa katangar dutse.
Tsakiyar geza, faɗin tafina biyu, babu.
Fata fes, kamar wanzami ya bi da aska.
Gashin na manne a cikin yadi, ya cuɗe da maiƙo.
Ba kaska ba ce, ba ƙaiƙayi ba, ba haƙorin wani doki ba.
Duk sunkuyon da ta yi don ta tsinki ciyawa
yadin ya goga, ya ɗebi sili biyu, sili uku,
kwana ɗari da ashirin yana ci a ɓoye
ni kuwa ina leƙowa ta taga ina yabon kaina.

Geza ba ta san gaggawa ba.
Wata takwas ta ba ni tsawon ɗan yatsa,
a miƙe cirko-cirko kamar bakin buroshi.

Bana na buɗe akwatin da ke ƙarƙashin gado,
na ciro farin silikin da na sa ranar ɗaurin aure.
Idwal, wanda ya gan ni a cikinsa har ya manta hularsa a coci,
shekararsa shida kwance bayan cocin nan.
Ba zai yi ƙorafi ba, shi ya karɓi haihuwar Mabli.
Na sa almakashi.
Dare uku ina ɗinki, ido na ruwa, zare na kuɓucewa,
har cikin wuyan bargon ya yi santsi kamar bayan cokali.

Bayan kwana bibbiyu nakan goge shi da ruwan ɗumi,
don maiƙo shi ne hannun da ke riƙe gashi a tsige.
Na sassauta maɗauri har dunƙulen hannuna na shiga.
Na yi mata kitso tara, sakwa-sakwa,
ran Asabar in tsefe da yatsu, ban yarda da mataji ba.
In gari ya waye babu yayyafi
sai in naɗe wuyan bargon baya,
ta ji ɗari kaɗan, ta girgiza, ta yi atishawa,
ba ta mutu ba.

Tesni, 'yata, tana kira daga Cardiff kowace Laraba.
Ta gyara mini ɗaki a ƙasa, babu matakala, akwai na'urar ɗumi.
Kada in fita in ƙanƙara ta kwanta.
Kada in ɗauki bokiti. A sayar da goɗiyar.
Rigar sanyi ta uku ke nan ta aiko.
Ba na jin haushi, na san hannun,
irinsa ne ya ja maɗauri har ramin ƙarshe.

Na ce ta zo ran Asabar ta taya ni tsifa.
Ta zo, takalmin birni ya nutse a taɓo.
Ta cusa hannu tsakanin bargo da wuyan Mabli,
ta ce, "Mama, ai wannan ya yi sako-sako,
iska za ta shiga."

Na ce, "Za ta shiga."
Na miƙa mata kitso na huɗu,
wurin da sabon gashi ya fara koyon kwanciya.