Inuwa a Ƙasan Hoto

Rumbu uku na gada, babu hatsi a ko ɗaya:
faifan Baba da tsatsa ta ci wa baki,
na Yaya Tasi'u mai kukan gyare in ya ɗau zafi,
sai wayata, kullum tana ƙorafin ciki ya cika.
Na ce yau zan juye su a tukunya guda.

Daren Garwa bai san sanyi ba.
Fanka na kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan,
ni da kwamfuta muna gumi tare.
Hoto dubu goma sha tara da ɗari shida,
in ji manhaja, kamar mai ƙidayar buhunan auduga.

Baba ya raɗa wa jakunkunansa suna yadda ya ga dama:
"Sabo." "Sabo na biyu." "Sabo na gaske."
"Mutanen Pitowa da ba su biya ba."
"Kar a taɓa."
Na taɓa.
Akuya ce, ita kaɗai, sau arba'in, tana kallon gefe.
Ban san labarinta ba, kuma wa zan tambaya yanzu?

Agogon kyamararsa ya tsaya tun ina rarrafe,
bai taɓa gyarawa ba.
Shi ya sa manhaja ta rantse
ranar ɗaya ga Janairu aka yi komai:
ranar aka yaye ni, ranar na gama firamare,
ranar Binuwai ya cika ya shiga gonakin albasa,
ranar dorina ta leƙo ƙarƙashin gada,
ranar aka kai Kaka Gwamma makwancinta.
Yini ɗaya ya ɗauki shekara ashirin a ka, ba gammo.

Sai ta shiga tara fuskoki.
Masunta, direbobin hanyar Njamena, 'yan makaranta,
kowa ya ƙame gaban shuɗin zanen nan don katin shaida.
"Wane ne wannan?"
Ban sani ba. Sau ɗari takwas ban sani ba.

"Wannan da wannan mutum ɗaya ne?"
A hagu Inna, tana 'yar ashirin da biyu.
A dama ni, bara, a walimar Jaratu.
Na ce a'a.
Ta sake kawo su.
Na dubi fuskata a baƙin gilashin taga,
na jima kafin na ƙara cewa a'a.

Ta ce akwai tagwaye dubu uku, in goge rabi?
Na goge, na goge, har yatsa ya yi tsami.
Amma ga guda biyu, daƙiƙa ɗaya tsakaninsu:
a ɗaya Inna ta haɗe fuska saboda hoto,
a ɗayan dariya ta fara tsinke mata a gefen baki,
wani bayan kyamara ya faɗi wata magana.
Manhaja ta ce duk ɗaya ne.
Ba ta taɓa zama a gidanmu ba.

Na rubuta sunansa a gurbin nema: Mamuda.
Babu.
Wanzami ba ya son jarfa.

Sai can wajen ƙarfe biyu na lura da ƙasan hotunan:
wata doguwar inuwa kan yashi, gwiwar hannu a buɗe,
hula ta karkace hagu.
Ga ta a bakin kogi. Ga ta a ƙofar shago.
Ga ta kwance kan ƙafafuna ranar da na fara tafiya.
Na buɗe sabuwar jaka, na shiga tsinto ta ɗaya-ɗaya,
aikin da babu na'urar da za ta yi mini.

Na danna a haɗe.
Kashi sittin. Saba'in da ɗaya. Tamanin da bakwai.
Aka ɗauke wuta.

Fanka ta yi juyi uku ta tsaya.
Na zauna cikin duhu da hannu a kan faifansa.
Da sauran ɗumi.