Sa Hannu Uku

Daga bakin Logon ina hango Kusiri,
masu kwale-kwale ma ba sa kiran wannan tafiya.
Ƙanena Sammani yana can a ɗaure
kan buhun sukari shida da ba nasa ba.
Ni ina Injamena da kwanon tuwo
mai hucewa a layin gada.

Na sami akawu, Malam Bappayo,
mai tabarau ɗaure da zaren koma.
Ya ce, "Harira, doka ba ta ƙi ba,
ana mai da fursuna gida ya ƙarasa wa'adi.
Amma sai hukunci ya zauna, babu ɗaukaka ƙara.
Sai ƙasar da ta ɗaure ta yarda,
ƙasar da ta haifa ta yarda,
shi mai ɗaurin ya dangwala yatsa.
Kuma kada sauran kwanansa ya gaza wata shida."

Na ce to.
Na sayar da buhu biyu na banda,
na sayi kan sarki, na wanke hoto huɗu.
Ni na lallashe shi ta tsakanin ƙarafa:
janye ƙarar, ka dawo kusa da Inna.
Ya daɗe yana kallona
kafin ya haɗiye gaskiyarsa, ya dangwala.

Takarda ta tashi, ba ta bi gada ba.
Ta yi kudu can Yawunde,
ta kwanta a aljihun tebur,
ta dawo, wai harafi ɗaya ya faɗi daga sunan babanmu,
ta koma.
Kogi ya cika, ya shanye tsibirai, ya janye,
aka dasa albasa a sawunsa.
Kullum bayan la'asar Inna takan ce, "Ta iso?"
har ta bar tambaya.

Jiya ta iso.
Hatimi uku, ɗaya ja, biyu shuɗɗa.
Bappayo ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa,
ya tuɓe tabarau.
"Saura wata biyar da kwana tara."
Ya turo mini ita da hannu biyu
kamar mai gaisuwar mutuwa.

Yau na ninke ta huɗu,
na sa ƙarƙashin kwano kada ya ƙona mini cinya.
Jandarman gada ya daina buɗe murfi, ya san miyata.
Ga ruwa nan yana wucewa, ba wanda ya tambaye shi takarda.
Ni dai tun safe nake neman
bakin da zan faɗa wa Sammani.