Ruwa Ba Ya Riƙe Sawu

Ƙarfe huɗu na asuba kawu Ozeme ya ƙwanƙwasa mini taga.
Bai ce komai ba. Ba ya magana kafin kofi.
Muka tura kwalekwale ta bayan gidansa,
ni a gaba da fitila, shi a baya da gora,
bindiga kwance tsakaninmu
kamar baƙuwar da ba a gaisa da ita ba tukuna.

Fadamar nan ta Luwiziyana, ƙasarta aro ce.
Itatuwan saifires tsaye cikin ruwa har ƙugu,
saiwoyinsu sun leƙo sama, gwiwa-gwiwa,
sai ka ce jama'a ce ta kwanta, ruwa ya ci ta,
gwiwoyin kaɗai suka rage.
Gansakuka na reto a rassa,
furfura ba mai ita.

Disamba ne. Kada ya yi lamo cikin taɓo,
sauro ya ba mu hutun rabin yini.
Sanyi ya sami hujin safata ya zauna.

Na ji shi kafin in gan shi.
Fuu. Fuu. Numfashi a fatar ruwa.
Kishimi ne yake iyo,
ƙahonsa mai tsini takwas na tafe shi kaɗai
kamar busasshen reshen da ya san inda za shi.
Na kai hannu.
Kawu ya ɗora takalmin roba kan bakin bindiga.
"Ba a harbin mai iyo, Sidonie.
Bari ya taka ƙasa, ya koma kansa."

Ya taka. Ya hau ɗan tudu cikin kaba,
ya girgije, ruwa ya watsu kamar an shiƙa gero.
Na dubi kawu. Hannunsa na rawa,
rawar da ya ɓoye mana tun bara cikin aljihu.
Ya ɗaga mini haɓa.

Na harba.
Balbelu suka tashi, fadama ta maimaita ƙarar sau uku,
kuma tun kafin ta yi shiru na san
harsashin ya sauka baya da inda na nufa.

Jini a kan kaba. Ɗigo uku.
Ɗigo ɗaya.
Sai ruwa.

Ruwa ba ya riƙe sawu, ko na wa.
Na tsaya ina kallon baƙin madubi, cikina ya ɗuri ruwa shi ma.
Kawu kuwa ya duƙa yana karatu:
nan kainuwa ta rabu, ba ta gama haɗewa ba,
can gashi biyu a jikin gwiwar itace,
can laka ta taso daga ƙasa, ba ta kwanta ba.
"Wanda ya buɗe rauni shi ke bin sa," in ji shi.
Muka bi. Rana ta raba, ta karkata.
Ba mu taɓa gurasar da muka ƙunso ba.

Mun same shi jingine da wani kututture
mai faɗin ɗakin kwana,
da sauran tsagar da kakana ya kafa katako
ya tsaya ya yi zarto, shekara ɗari ke nan.
Yana numfashi har yanzu. Fuu.
Idonsa ya ɗauke ni duka, har da hulata.
Kawu ya juya baya.
Na ƙarasa abin da na fara.

Ya cire hula ya faɗi wani abu
da tsohon Faransancin da ba a koya mana ba.
Ban tambaya ba.

Da za mu koma, kwalekwale ya nutse,
saura yatsa huɗu ruwa ya shigo.
Kawu ya miƙo mini gora, ya wuce gaba ya zauna,
ya riƙe fitila da hannu biyu.
Mujiya ta fara kiran wanda ba ya amsawa.
Na waiwaya sau ɗaya.
Kainuwa na haɗewa a bayanmu, sannu,
tana rufe hanyar da muka buɗe.