Daga Cikin Tanki

Ni ne Ilu mai wankin tanki.
Shekara goma sha tara ina sauka ƙarƙashin gidajen Jidda
da tsani, da buroshi, da fitilar goshi.
Masu gida sun san falonsu,
ni na san abin da ke kwance a ƙarƙashin falon.

Ran Talata, a Hindawiyya,
Hajiya Kuluwa ta tare ni tun daga bakin ƙofa,
kofi a hannunta, ruwan ciki kamar an jiƙa jar kanwa.
Wai wani saurayi mai jaka da ƙamshin turare
ya tsoma ƙarafa biyu a ruwan famfonta, ya jona wuta,
nan take ruwa ya rine.
"Ga abin da kuke sha," in ji shi,
"ga kuma na'ura mai matata bakwai,
riyal dubu da ɗari biyu, a biya sau uku."
Tun ranar jikokinta ba sa shan kowane ruwa sai na roba.

Na ce, Hajiya, ƙarfensa ne ya narke a ciki.
Laifin ba na ruwanki ba ne,
kuma ba ruwanki da shi.

Ruwan nan daga teku ya taso.
An yaye shi daga gishirinsa,
an koro shi ta bututu har unguwa,
salam, sai ɗan warin magani
da ke gudu in ya kwana a buɗaɗɗen jug.
Baƙo ne mai fararen kaya.
Sau da yawa masauki ke ɓata shi.

Na ɗaga murfi, na sauka.
Zafi ya rungume ni kamar mai bin bashi.
Laka ta kai idon sawu.
Kyankyasai uku sun yi rigingine,
ga ƙwallon wani yaro da ya girma ya yi aure,
ga cokalin shayi,
ga tsaga a bango, siririya kamar gashi,
wadda ban so inda ta dosa ba.
Na saman bene kuwa rana ta cinye murfinsa,
tattabaru sun mai da shi mashaya.

Sai bayan la'asar na fito,
riga ta manne a baya, gwiwa na rawa.
Tana nan zaune a kan kujerar roba, da carbi.
"To, in saya ko kar in saya?"

In don harshe ne, Hajiya,
ƙarama mai gawayi ta isa, ta ɗauke warin.
Amma matata kamar akuya take, sai da kiwo.
Na buɗe wadda aka manta shekara biyu,
gansakuka ta yi gari a ciki,
masu gida na sha suna hamdala.
In kuwa don ciki ne,
a liƙe tsagar nan, a sake murfi,
a kira ni kafin azumi, a kira ni bayan wata shida.
In zuciya ba ta kwanta ba
a ɗiba a kwalba a kai wa masu awo.
Ni dai idona bai ganin ƙwayar cuta.

Ta yi shiru.
Ta ce uwarta da gefen kallabi take tacewa
a bakin rijiya, can Gumel,
ta daka 'ya'yan zogale ta zuba, laka ta kwanta.

Washegari tanki ya cika, na dawo karɓar kuɗi.
Ta tari famfo, ta ɗaga kofi ga hasken taga,
ta kurɓa, ta juya shi a baki.
"Garau yake," ta ce.
"Amma bai da ɗanɗanon randar gidanmu."

Na naɗe igiyata, na saɓa tsani.
Matata cirewa ta iya, Hajiya.
Ban taɓa ganin wadda ke mayarwa ba.