Ranar da Ba Abin da Ya Faru

A matatsar man gyaɗa ta bayan Zariya,
inda ƙamshi ke kama riga ya ƙi jin sabulu,
na shekara tara ina sauraron inji.
Yana da muryar ƙoshi, yana da ta yunwa,
yana da wata siririya
kamar sauro a bakin kunne.

Ita na ji a waccan Larabar.
Na ji, na haɗiye.
Lokacin dokar gidan ɗaya ce:
hannunka aka ɗauka aiki, ba bakinka ba.
Kafin la'asar bel ya tsinke,
ya tafi da yatsu biyu na Tsahiru.
Har yau in ya miƙo mini hannu
gaisuwar ba ta cika tafina.

Alhaji Nomau ya dawo asibiti bai ce uffan ba.
Da safe ya sa aka shimfiɗa tabarma gaban injin,
ya ce ba mai tada shi
sai kowa ya faɗi abin da ya gani jiya.
Kwana uku muna kallon ƙasa.
Ƙofar da ta daɗe a rufe sai da kafaɗa.

Tsahiru ne ya fara: "Wayar can tsirara take."
Ilu ya ce buhunan sun yi tsayi, wata rana sai sun rufto.
Ni na ce silifa ba ta riƙe daɓe mai maiƙo.
Alhaji na rubutawa a bayan takardar kuɗin wuta.
Wasu an gyara.
Wasu har yau muna tuni.

Jiya Barira mai shara,
da ko wata biyu ba ta cika ba,
ta tsinci noti a cikin ɓawon gyaɗa.
Ba ta nemi kowa ba,
ta kai hannu ta kashe injin,
ga motar Dakwaro na jiran lodi,
direba na ta kumfar baki.

Aka ɗaga murfi.
Ɗaya ya fita, biyu sun saki, na huɗu yana rawa.

Rabin yini ya tafi a banza, in ji direba.

Da magariba na gangara Mokoyo a kan keke.
Mai ɗakina ta ce, "Yaya aikin?"
Na ce, "Ba abin da ya faru."
Na zuba ruwan buta a hannu,
na ƙirga, goma,
na kai wa tuwo.